Me Ya Sa Kanarin Keji Yake Koɗewa?

Da damina ta kankama a Magarya da Dungas, duk wanda ya ɗaga kai a gindin gawo ko bedi zai ga namijin kabare ya yi ruwan ɗorawa, yana ta saƙar sheƙa. Lokacin ne kuma yara ke hawa itace su kwaso ƴan tsuntsaye, su zuba a keji, su bi su da gero tsura. Kafin wata biyu, wanda ya tsira gashinsa ya fito fari-fari, a ce wai ba irin kirki ba ne.

Iri ba shi da laifi, ciki ne. Baƙi da ruwan ƙasa jikin tsuntsu ne ke haɗa su da kansa. Amma rawaya da ja, a yawancin tsuntsaye masu waƙa, har da kanari, daga wani sinadari suke da ake kira karotinoyid, kuma tsuntsu ba ya iya yinsa, sai ya ci. Ganye ke ɗauke da shi, tsutsa ta ci ganye, uwa ta kawo tsutsa bakin ɗa. Matan gida sun san wannan tun tuni: kazar da ke kiwo a bayan danga, gwaiduwar ƙwanta ta fi ta wadda aka kulle kan dusa ja.

Gashi kuwa in ya gama fitowa ya zama kamar farce, babu jini a cikinsa. Ko me ka ba tsuntsun bayan nan, launin ba zai gyaru ba sai ya zubar ya sake sabo. Shi ya sa a wajen 1870 masu kiwon kanari a Ingila suka fara ba shi jan barkono daidai lokacin sake gashi. A ƙasar Finlan kuma an ga ƴan tsuntsayen da ke kusa da wata masana'antar narka tagulla sun koɗe, saboda tsutsa ta yi ƙaranci a wurin. Manomin da ke feshin magani ba lissafi ya yi tunani a kan wannan.

Mai kanari, ka haɗa masa da ɗanyen ganyen zogale ko latas da aka wanke, gurzajjen karas, da ɗan dafaffen ƙwai. Iyaye kuma, don Allah a hana yara kwasar ƴan tsuntsu daga sheƙa. Babu mai iya ciyar da su kamar uwarsu.