Gidan Westport: Gadon da doka ta ceto, bashi ya cinye

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To, idan Allah bai ba uban ɗa namiji ba fa? Wannan ita ce tambayar da ta hana Jeremy Browne barci, magajin katafaren Gidan Westport da ke gundumar Mayo a yammacin ƙasar Ailan.

Zuriyar Browne ta shafe kimanin shekara 300 tana riƙe da wannan gida da gandunsa. An gina shi wajajen 1730 a kan kufan ganuwar Grace O'Malley, jarumar tekun nan ta ƙarni na 16, wadda zuriyar ke da jininta ta wajen uwa. Asirin ɗorewarsa kuwa shi ne al'adar sarakunan Turawa ta miƙa dukiya dungurungum ga babban ɗa namiji, don kada rabo ya yayyaga ta.

A 1960 Jeremy ya buɗe gidan ga masu yawon buɗe ido domin ya riƙa ciyar da kansa. Sai dai akwai wata takardar amana da ya sa wa hannu tun yana saurayi, wadda ta ce ɗa namiji kaɗai zai gada. Shi kuwa 'ya'ya biyar ya haifa, dukkansu mata. Bai rungume hannu ba. Da taimakon lauya Mary Robinson ya kai kukansa majalisar dokokin ƙasar, wadda a 1993 ta zartar da doka ta musamman don gyara takardar. A lokacin Robinson ta riga ta zama shugabar ƙasa.

Da ya rasu a 2014, sarautarsa ta Sligo ta koma hannun wani ɗan uwansa mazaunin Ostireliya, gidan kuma ya zama na 'ya'yansa mata, tare da bashin banki mai nauyi da aka ci a kansa. A 2017 tilas ta sa aka sayar da shi ga iyalan Hughes, 'yan kasuwar garin.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne majalisa ta iya tantance wanda zai gada, amma ba ta iya tsare abin da za a gada ba. Lallai bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da masu fada. Duk mai tanadar wa 'ya'yansa gida, ya fara duba abin da ake bin gidan.