Tafkin Chadi: Cibiyar Daula Da Ta Koma Bakin Iyaka

Duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ta yau ya ɗora yatsa a kan Tafkin Chadi, zai tarar ƙasashe huɗu sun yi mahaɗa a wurin, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, mafi yawansu kuwa suna kallon yankin a matsayin ƙurya mai nisa da fadar mulki. Alhali ma'abota ilmin tarihi sun tabbatar cewa ruwan nan shi ne cibiyar Daular Kanem da Barno, wadda gidan Saifawa ya riƙe tun ƙarni na 11 har zuwa 1846.

Asalin al'amarin yana gabas da tafkin, a birnin Njimi na ƙasar Kanem, cikin Chadi ta yanzu. A zamanin Mai Dunama Dabalemi, cikin ƙarni na 13, ikon daular ya bi hanyar fatake ya ratsa Kawar, inda gishirin Bilma yake, har ya kai Fezzan a kudancin Libiya, kuma a lokacin ne aka kafa wa ɗalibai da alhazan Kanem makaranta a Alƙahira. Da fitinar Bulala ta tsananta, sai Saifawa suka yi hijira yamma, Mai Ali Gaji ya gina Birnin Gazargamu kusa da kogin Komadugu Yobe, wanda daga cikinsa Mai Idris Aloma ya riƙa fita yaƙe-yaƙen da limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya lura, magabata ba su auna daula da layin da aka shata a ƙasa. Ma'auninsu shi ne mubaya'a da haraji da amincin hanya: inda ayari ya kwana lafiya da sunan Mai, inda sarki ya aika gaisuwar shekara kamar yadda Damagaram ta riƙa aikawa Kukawa, fadar Barno ta daga baya, to nan ikon ya kai, yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon ƙarfin mai sarauta, tamkar yadda tafkin kansa yake cika yana janyewa.

Turawa ne suka zo da layi. A 1890 Ingila da Faransa suka ja shi a takarda daga Say zuwa Barruwa, kuma bayan an kashe Rabe, wanda ya ci Barno da yaƙi, a Kusuri a 1900, sai Kukawa ta faɗa hannun Ingila, Dikwa ta faɗa hannun Jamus, Kanem da Damagaram kuma Faransa ta riƙe. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 Dikwa ta tabbata cikin Nijeriya.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne halin talaka. Komadugu, wanda ya shayar da fadar Saifawa, yau shi ne iyaka, har manomin tattasai na Difa da ɗan'uwansa na Damasak, masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya, kowa da irin kuɗinsa da takardar shaidarsa. Masuntan Nijeriya kuma da suka bi ruwa yana janyewa suka zauna a Darak, sun wayi gari a 2002 kotun duniya ta hukunta cewa ƙasar Kamaru suke zaune.

Ina roƙon malaman makarantunmu na ƙasashen huɗu, idan za su koyar da tarihin Barno, su shimfiɗa wa yara taswirar tafkin gaba ɗaya, gabas da yamma.