Bankin Abinci: Yadda Ake Ceto Rarar Abinci Kafin Ta Isa Bola

Idan ka taɓa tsayawa bayan an watse daga walima ka ga kulolin shinkafar da ta yi saura, to ka san abin da ke zuwa zuciya: ga abinci nan, ga mabuƙata can, me ya hana su haɗu? Ƙungiyoyin da ake kira bankin abinci aikinsu ke nan, wato karɓar rarar abinci daga wanda ya yi wa yawa, su kai wa wanda bai da shi.

Bari mu fara da girman matsalar. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a gidaje da gidajen sayar da abinci da kantuna. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan na abincin da ya iso gaban masu saye. A daidai wannan lokacin kuwa, mutanen da ke fama da yunwa sun kai miliyan 783. Asarar ma ba ta tsaya a nan ba, domin abincin da aka binne a bola yana ruɓewa ne inda iska ba ta shiga, sai ya riƙa fitar da iskar metan, wadda ke ƙara ɗumama duniya.

Bankin abinci na farko an buɗe shi ne a 1967 a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka. Wani mutum mai suna John van Hengel ne ya lura cewa kantuna na zubar da kayan da lafiyarsu ƙalau, sai ya samo wurin ajiya ya fara tarawa yana rabawa. Har gobe tsarin bai canza sosai ba. Ana kwaso kayan, a auna, a tantance, a ajiye, sannan a raba wa ƙananan ƙungiyoyi, makarantu da gidajen marayu, su kuma su kai wa jama'a. Wanda ya fi kusa da lalacewa shi ake fara fitarwa.

To wane irin abinci ne wannan? Ba ragowar kwanon wani ba ne fa. Yawanci kwali ne ya ɗan lotse, ko an yi kuskure wajen buga takardar jikin kaya, ko karas ya fito a karkace, ko kwanan watan da aka rubuta ya matso.

Maganar kwanan watan nan tana rikita mutane, don iri biyu ne. Wanda aka rubuta "best before" magana ce ta inganci: biskit ko taliya na iya rage ɗanɗano bayan ranar, amma idan an adana su da kyau galibi ba sa cutarwa. Shi kuwa "use by" magana ce ta lafiya, ana sa shi a kan ɗanyen nama, kifi da makamantansu, kuma ba a tsallake shi.

Babban ƙalubalen shi ne zafi. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, wasu ƙwayoyin cuta na iya ninka yawansu duk bayan minti 20. Ka lissafa da kanka: ƙwaya ɗaya za ta iya zama sama da 4,000 cikin awa huɗu. Dafaffiyar shinkafa na da nata haɗarin. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da irinta ke jure dahuwa. Idan shinkafar ta daɗe a ajiye da ɗumi, sai ta farfaɗo ta saki gubar da ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa waɗannan ƙungiyoyi ke kashe kuɗi sosai kan firji da motoci masu sanyi.

Doka ma ta taka rawa. 'Yan kasuwa da yawa sun riƙa tsoron a kai su kotu idan wani ya ci kyautarsu ya kamu da ciwo, sai Amurka ta yi doka a 1996 da ke kare wanda ya bayar da kyakkyawar niyya. Faransa kuma a 2016 ta haramta wa manyan kantuna lalata abincin da za a iya ci, ta kuma wajabta wa waɗanda girmansu ya wuce murabba'in mita 400 su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji.

Sai dai kada ka ɗauka wannan ne maganin yunwa. Rara ba ta da tabbas: yau a samu biredi jibgi, gobe babu ko loma. Sannan kusan kashi 60 cikin 100 na abincin da rahoton can ya lissafa a gidaje aka zubar da shi, inda motar agaji ba za ta bi ƙofa-ƙofa ta kwaso ba. Uwa uba, mai jin yunwa talauci ne ya hana shi saye, kuma kwalin taliya ba ya kawar da talauci.

A yankinmu akwai masu irin wannan aiki, kamar Lagos Food Bank Initiative a Legas da Food for All Africa a Ghana. Amma a nan asara mai yawa tun daga gona zuwa kasuwa take faruwa. Duk wanda ya ga kwandunan tumatir na zubar da ruwa a tsakiyar rani ya san haka, ga kuma wutar lantarki da ba ta tsayawa balle a dogara da firji.

Saboda haka idan kana shirin biki ko buɗa-baki, tun kafin a ɗora tukunya ka san wanda zai karɓi abin da ya rage. A kwashe shi daga tukunya cikin mazubi mai tsabta da murfi, a kai da zafinsa cikin awa biyu. Abin da ya kwana a waje kuwa, idan ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba ɗan wani.