An ce maka suwic ne: kuɗin da aka yanka daidai ne?

A shirinmu na wannan mako tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa ta waya. Mota ta ƙi tashi, an tura ta gareji, mai wayarin ya leƙa ya ce suwic ne, ya yanka kuɗi. To, kuɗin nan daidai ne, ko kuwa an ga baƙo ne an ɗora masa?

Farashin da ka ji a rediyo yau ba zai kai ka kasuwa mai zuwa ba, don canjin naira da sefa ba ya zama wuri guda. Abin da zai yi maka amfani shi ne ka iya sa a raba maka kuɗin: nawa ne na kaya, nawa ne na aiki, kuma me ya nuna cewa suwic ɗin ne ya lalace.

Fara da tambayar wane suwic. Mota ɗaya tana da su da yawa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan ƙarami a saman fedar birki, shi ke kunna jar wutar baya idan ka taka. Wannan a yawancin motoci aikin 'yan mintoci ne, ba a kwance komai, don haka kuɗin aikinsa bai kamata ya yi nauyi ba. Amma kada ka raina shi, a mota otomatik idan ya mutu giya tana iya ƙin fita daga P, mai mota ya ɗauka giyar ce ta lalace. Akwai na fanka, akwai na man inji mai kunna jar fitila a gabanka, akwai hannun da ke jikin sitiyari na fitila da sigina. Wannan na ƙarshe a wasu motocin sai an cire sitiyari, kuma idan akwai balan-balan ɗin kariya a ciki sai an yi a hankali, to nan kuɗin aiki yana da dalilin hawa.

Wanda aka fi rikici a kansa shi ne na makulli, wanda mutanenmu na Nijar ke kira kwantak. A nan ne nake so ka tsaya da kyau, domin abu biyu ne a haɗe. Akwai ƙarfen da makulli ke shiga, wanda kuma ke kulle sitiyari. A bayansa akwai ɓangaren wuta, mai wayoyi, shi ke raba wa mota wuta idan ka murɗa. Sau da yawa na bayan ne ke ƙonewa, ƙarfen kuwa lafiyarsa ƙalau. A motoci irin su tsohuwar Hilux da Hiace, ƙaramin sukuru ne ke riƙe da ɓangaren wutar, ana sauya shi kaɗai, ka ci gaba da makullinka. In kuwa za a sauya duka, aikin ya fi haka nesa: kusoshin da ke riƙe da shi a jikin sitiyari an yi su ne kawunansu su gutsure wajen ɗaurawa saboda ɓarayi, sai an sassaƙe su ko an huda. Sannan ka koma da makulli biyu, na ƙofa daban, na tayarwa daban. Idan motar ta zamani ce mai makulli mai ƙwaƙwalwa, sabon makullin ba zai tayar da ita ba sai an haɗa shi da kwamfutar motar, wannan ma kuɗi ne na daban. Saboda haka ka tambaya kai tsaye: “Maigida, duka za a sauya ko na bayan kawai? In duka ne, me ya samu ƙarfen?” Idan makullinka yana shiga yana juyawa sumul, ba ya cijewa, mai neman kuɗin duka sai ya yi maka bayani.

Yanzu ga babbar maganar. Shin suwic ɗin ne ma? Mota ta ƙi tashi ba hujja ba ce. Murɗa makulli ka saurara. Idan ka ji “ƙas” ɗaya ko “ƙas-ƙas-ƙas” daga wajen inji, galibi suwic ya aika saƙonsa, sai a duba batir, da kawunansa ko sun yi farin gari ko sun saki, da kik, wato sitata. Batir mai lafiya, mota a kashe, mita tana nuna 12.6 ko kusa da haka. In inji na aiki ta nuna wajen 14. Alamar suwic kuwa daban ce: ka murɗa fitilun gabanka su ƙi kamawa alhali hon da babbar fitila suna aiki, ko sai ka girgiza makulli su kama, ko mota ta mutu da kanta a hanya mai gargada. Ko a haka ma a fara duba fiyus da rile, don su ne masu araha. Mai wayarin da ya san aikinsa zai sa mita ko fitilar gwaji a gabanka, ya nuna maka wuta na shiga amma ba ta fita. In ya nema kuɗin dubawa, ni a ganina ka ba shi, ya ci halak. Wanda ya ce suwic ne tun bai ɗauko mita ba, shi ne za ka yi wa tambayoyi.

Af, masu rataya makullin shago da na sito da na gida duk a jikin na mota, nauyin nan yana cinye ƙarfen a hankali, balle a hanyoyinmu.

Sai kayan. Na kamfani sabo, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da kwaikwayo mai araha, kowanne da kuɗinsa, kuma babu laifi a kowanne muddin an gaya maka wanda kake saya. Cuta ita ce a karɓi kuɗin na kamfani a saka maka kwaikwayo. Ka ga kayan da kwalinsa kafin a ɗaura, a ba ka tsohon a hannu bayan an cire. In kana da ɗan'uwa a Ƙofar Ruwa a Kano ko a kasuwar kayan mota mafi kusa, ɗauki hoton tsohon da lambar jikinsa ka tura masa ta WhatsApp. In farashin garejin ya ɗara na kasuwa kaɗan, ba zalunci ba ne, akwai kuɗin mota da wahalar nemowa. Ku kuma daidaita da wane kuɗi ake magana tun kafin a taɓa sukuru. Jikka a bakin ɗan Nijar sefa 1000 ce, jaka a bakin dattijon Najeriya naira 200 ce, kun ga ai akwai wurin faɗa.

Na san akwai ranar da ba ka da ta cewa. Daren Laraba, shanu a mota, kasuwar Maigatari gobe Alhamis, mai gyara ɗaya ne a garin. Rana irin wannan ƙarin da ya yi na aikin dare ya fi maka sauƙi a kan dabbobi su kwana a tsaye babu ruwa. Biya, amma ko a nan ka sa ya raba maka kuɗin. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne wanda zai ce a bar sayen kaya, zai haɗa maka waya kai tsaye da rabin kuɗi. Sau da yawa irin wannan haɗin yana tsallake fiyus, kuma fiyus shi ne ke yankewa idan waya ta yi zafi. Mota mai ɗauke da harawa ko jarkokin fetur ba ta wasa da wannan. In dole ta sa an yi don ka fita daga daji, a sa fiyus a layin, a naɗe shi da kyau, ka riƙa cire kan batir idan ka tsaya kwana, ka gyara shi a garin farko da ka samu kayan.

Kafin ka miƙa cikon kuɗi, tayar da motar sau uku ko huɗu, ka gwada fitilu da sigina da hon da abin share gilashi, ka ga sitiyari yana kullewa yana buɗewa. Sannan ku yi magana a gaban shaida: in matsalar ta dawo kafin kasuwa biyu, gyaran a kan wa yake?