Keken sharar ganye na Amurka, da dalilin da na ƙi aika wa ƙanena shi Yamai

A ƙarshen watan Nuwamban da ya wuce na ɗauki wani ɗan gajeren bidiyo na jefa a zauren WhatsApp na danginmu. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ni ne nake tura wani keke mai taya biyu a kan ciyawar ƙofar gidana da ke Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa, busasshen ganye na tashi yana faɗawa cikin jakar tamfol, wurin da na bi ya yi fes. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga kiran ƙanena daga Yamai.

"Yaya, wannan abin nawa yake? Don Allah ka saka mini guda biyu a kwantena mai zuwa. Wallahi sana'a zan buɗe."

Na ce masa ya dakata tukuna. Yaron shekara biyu ke nan da gama karatu ba aiki, kuma ɗan abin da ya tara bai kai a yi gwaji da shi ba. Bayanin da na yi masa a daren nan shi ne zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne ke ganin kayan aikin Turawa a waya ransa ya biya.

Da bazara na shiga gidan nan. Abin da ya ja ni kuwa itatuwa ne, manyan itatuwan ok guda huɗu da suka rufe gidan da inuwa. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san darajar inuwa, ban ma tsaya dogon ciniki ba. Babu wanda ya tuna mini cewa a ƙasar nan itace yakan tuɓe ganyensa kaf idan sanyi ya kawo jiki. Daga farkon Nuwamba har cikin Disamba ganye yake zuba kamar ana zazzage buhu. Ka share da safe, da la'asar ka leƙo ka rantse ba a taɓa sharewa ba.

Shekarar farko da manjagara na yi fama. Ina aiki a wani babban sito, awa 10 a tsaye, ranar Asabar kuma maimakon hutu sai in wuni ina jan ganye. A Asabar ta uku bayana ya riƙe, sai da na yi kwana biyu ina sallah a zaune. Ina cikin wannan hali takarda ta iso daga ƙungiyar masu gidajen unguwa, cewa in ban kwashe ganyen ba cikin mako biyu za a ci ni tara. A nan ba don tsabta kawai ake wannan takura ba. Idan ganye ya yi kauri ya jiƙe, yakan manne ya hana ciyawa hasken rana da iska, ta ruɓe a ƙarƙashinsa, ciyawar ƙofar gida kuma tana cikin abin da ake dubawa wajen yi wa gida kuɗi.

Sai na yi abin da kowane ɗan gida zai yi: na tara tsibi a bayan gida, na ɗauko ashana. Allah Ya so maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, yana tsaye a bakin shinge. Ya ɗaga hannu yana kiran sunana. Shi ya sanar da ni cewa a dokar jihar, duk inda hukuma ke zuwa kwasar ganye ba a yarda a ƙona shi ba, kuma kafin hayaƙin ya kai ko'ina wani ya riga ya kira ƴan kwana-kwana. Ya shiga garejinsa ya turo mini keken nan, ya ce in gwada.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu inji a jikinsa. Ba ya shan mai, ba ya buƙatar lantarki. A tsakanin tayoyin biyu akwai sandar ƙarfe da aka jera wa buroshi masu tauri, a cikin tayoyin kuma akwai ƴan faifai masu haƙora da ke haɗa taya da sandar. Idan ka tura, taya ta juya sau ɗaya, buroshin ya juya sau huɗu ko biyar, sai ya riƙa tsinto ganye yana wurga shi baya cikin jakar. In ka tsaya, shi ma ya tsaya. Na turawa da hannu faɗinsa bai fi santimita 66 ba, wasu ma ba su kai ba. Akwai kuma babba wanda ake ɗaura wa ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, mai faɗin mita ɗaya da ɗoriya, jakarsa na cin kusan lita 700, da igiyar da direba zai ja ya juye ganyen ba tare da ya sauko ba. Wani ɗan Nijar da muke masallaci ɗaya, wanda gyaran ciyawar gidaje ce sana'arsa, da irin wannan yake aiki. Mu ƴan Nijar muna da yawa a garin nan, kuma akwai masu ci da wannan sana'a.

Ranar farko aikin da nake wuni a kansa na gama shi kafin azahar. Mako na zagayowa na nemi nawa, na samu na hannu a Facebook a kan dala 60. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta gida mai tamma biyar ba.

To amma bidiyon da na aika bai nuna wahalar da na sha kafin in gane kansa ba. Duk sirrin abin yana wurin saita tsayin buroshi. Akwai wani ɗan hannu a gefe da ake ɗagawa ko a sauke. Ni a tunanina in na sauke shi ƙasa sosai zai fi sharewa. Ina! Keken ya yi nauyi kamar ana tura amalanken da ya kafe a yashi, tayoyin suka riƙa zamewa, buroshin kuma ya tuge sabuwar ciyawar da na shuka a watan Satumba, wadda ba ta gama kama ƙasa ba. Na ci gaba da turawa da ƙarfin tsiya har na ji ƙas, haƙoran roba na taya ɗaya sun karye. Sai da na jira kwana tara kafin sabo ya iso ta gidan waya. Daga baya dattijon ya nuna mini: bakin buroshin ya ɗan shiga kan ciyawa kamar santimita ɗaya, ya shafe ta kawai, kada ya taɓa ƙasa.

Jiƙaƙƙen ganye kuwa ba ya jituwa da shi sam. In an yi ruwa da dare, ko raɓa ba ta bushe ba, ganyen yakan manne da ƙasa keken ya bi ta kansa ya wuce, wanda ya ɗauka kuma ya dunƙule ya toshe bakin jakar. Dole ka jira rana ta ɗaga. Doguwar ciyawa ma haka, sai an fara yanke ta. Kafin ka soma sai ka zagaya ka tsince rassa, don itace ɗaya mai kaurin yatsa ya isa ya maƙale buroshin. Ƴaƴan ok, waɗanda ba su wuce girman dabino ba, wasu yakan ɗauka, wasu ya bar maka. Akwai wani itace a gidan maƙwabta da ke zubar da ƙwallaye masu ƙaya kamar ƙatuwar ƙarangiya, su kam sai an bi sau biyu ko uku. Inda ƙasa ta yi rami ko tudu sai ya tsallake. Gindin shinge, lungun matakala da ƙarƙashin furanni har yau manjagara ce ke shiga. Ga kuma jakar da ke cika nan da nan: a tsakiyar zubar ganye, zuwa biyu da dawowa biyu ta cika, ka tafi juyewa. Rabin lokacin aikin a juyewa yake tafiya.

Duk da haka na fi son sa a kan injin hura ganye da yawancin mutane ke goyawa a baya. Shi wannan ƙararsa kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe, ga ƙura, ga warin mai, kuma ba ya kwashe komai, tura shi kawai yake yi daga nan zuwa can. Birnin Washinton ya haramta masu shan mai tun 1 ga Janairun 2022, jihar Kalifoniya kuma ta hana sayar da sababbi daga 2024. Keken nawa kuwa ko jaririyarmu na barci ina iya aiki a gindin tagarta.

Tara ganye abu ɗaya ne, inda za a kai shi wani abu ne daban. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 ganye da ciyawa da rassan da aka kwashe daga gidaje sun kai tan miliyan 35.4, wato kashi 12 cikin 100 na sharar garuruwan ƙasar. A garinmu da can motar magajin gari kan bi unguwa-unguwa tana zuƙe ganyen da aka tara a bakin titi. A 2024 aka daina, aka raba wa gidaje manyan mazubai masu taya, abin da ya yi saura kuma a ɗura a buhun takarda, wanda kai za ka saya. Itatuwana huɗu sukan cika mazubin nan a rabin awa.

Wata rana ina waya da Inna ina ba ta labarin kuɗin da buhunan suka ci mini, sai ta yi shiru, can ta ce:

"Mi? Ganye kuka zubarwa, har ku biya kuɗɗi? Ba ku da bisashe?"

Na yi dariya na ce Inna ko akuya ba a bari a ɗaure a unguwar nan, kuma ganyen ok da ƴaƴansa in shanu ko tumaki suka ci da yawa cutar da su suke yi. Ta ce to ƙasa fa, ita ma cutar da ita yake yi? Ta tuna mini gawon da ke tsakiyar gonar Baba. Gawo da damina yake zubar da ganyensa, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, kuma kowa ya san geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya. Baba bai taɓa barin a sa masa gatari ba.

Tun daga ranar ban ƙara sayen buhu ba. Na kewaye wani lungu a bayan gida da ragar waya, can nake juye jakar. Ganyen ok yana da taurin ruɓewa, don haka nakan bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya daddatse shi, in gauraya da ɗanyar ciyawa da ɓawon kayan miya, in yayyafa ruwa, in juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Tsibin da ya kai ƙirjina a Disamba, kafin wata kakar ya koma baƙar ƙasa mai laushi da ba ta wuce gwiwa ba. Da ita maiɗakina take shuka kuɓewa da yakuwa da tattasai, har muna raba wa ƴan uwa. A gindin itatuwan kuma nakan bar ganyen yadda ya zubo, tun da na ji cewa ƙananan ƙwari irin su maƙesu a cikinsa suke fakewa har sanyi ya wuce. Ƙungiyar unguwa ba ta ce komai ba tunda daga titi ba a gani.

Yanzu mu koma kan ƙanena. Na tambaye shi: a gidaje nawa ka san akwai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a Yamai? Ya lissafa otal-otal, ofisoshin jakadanci, filin ƙwallo, da gidajen wasu manya. Na ce duk waɗannan suna da masu yi musu shara, kuma ladan mai shara a can bai kai a nemi inji ya maye gurbinsa ba. Sauran gidaje kuwa tsakar gida yashi ce ko daɓe. An ƙera keken nan ne don ya shafi kan ciyawa. A kan yashi taya za ta nutse, buroshin ya riƙa watsa maka rairayi a fuska, jakar ta cika da ƙasa kafin ta ga ganye, haƙoran roban nan kuma yashi zai cinye su cikin ɗan lokaci, ba kuma a kasuwa za ka samu madadinsu ba. Ga leda, wadda in ta naɗe sandar buroshin sai da wuƙa. Ganyen dogon yaro da ke zuba a tsakar gida, tsintsiyar kaba ta fi kowane keke iya tsince shi daga cikin yashi. Ka haɗa kuɗin saye da na kwantena da na duwan, ka ga jarinka ya tafi a kan abin da zai ƙare a jingine a bango.

Na ce in da gaske sana'ar shara yake so, kuɗin keke ɗaya zai saya masa burweti da manjagara da tsintsiya har ya yi saura. Ganyen da ake ƙonawa kullum a ƙofar gidaje ya riƙa tara shi yana ruɓarwa da kashin dabbobi, ya je ya tambayi masu garka a bakin kogi ko za su saya, kafin ya sa ko tamma ɗaya a ciki.

Bai ji daɗi ba, na ji a muryarsa. Kwana uku bai kira ni ba. A rana ta huɗu ya turo saƙon murya: "Yaya, na ji maganarka, na fasa. Amma ka kifa mini keken ka ɗauko hoton cikin tayar da kyau. Akwai wani mai walda a kasuwar Katako, ya ce in ya ga yadda haƙoran suke zai iya yin na ƙarfe, mu gwada a filin ƙwallon makarantar unguwarmu."

Ranar Asabar na kwance tayar, na kwanta a kan siminti da waya a hannu, na ɗauki hoto 14 ta kowane ɓangare, har da ma'auni a gefe don ya ga girman. Dattijon maƙwabcina ya leƙo ta shinge ya tambaya ko na sake karya shi ne.