Amfani da Hasken Rana a Bukukuwan Karkara: Misali Daga Ƙasar Doguwa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda za a iya samar da wutar lantarki daga hasken rana domin bukukuwan da ake yi a fili, nesa da turakun wuta. An ɗauki ƙasar Doguwa da maƙwabtanta, watau Tudun Wada da Kiru da Bebeji, a matsayin misali. Lalle wani zai ce ai Doguwa ba hamada ba ce, hasali ma tana daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Jihar Kano, ga duwatsun Riruwai ga dajin Falgore. Haka ne. Amma abin da ya haɗa bikin da ake yi a Ingal ta ƙasar Abzin a ƙarshen damina da wasan damben da ake yi a bayan gari a Doguwa ya wuce yashi. Duka biyun taro ne na 'yan kwanaki, a wurin da waya ba ta kai ba, kuma mafi yawan buƙatarsa ta wuta da dare take tasowa, lokacin da ranar da ake son a dogara da ita ta riga ta faɗi.

Wata da fitila da janareta

A da, wata shi ne fitilar biki. Da farin wata 'yan mata ke fita dandali, kuma masu shirya kalankuwa da kokawa da dambe sukan lura da kwanan wata kafin su sa rana, bayan an gama kai amfanin gona gida. Abin da ya rage sai a cike shi da wutar kara da aci-balbal da fitilar ƙwai. Makaɗi kuwa da maƙogwaronsa da kalangunsa yake kai murya ƙarshen fili. Shigowar lasifika ita ta canja wannan tsari, domin da zarar wani makaɗi ko mai wa'azi ya yi amfani da ita, na bayansa ba zai yarda a ji muryarsa ƙasa da ta wancan ba. Daga nan janareta ya zama ɗan gida a wurin maulidi da saukar karatu da ɗaurin aure da taron siyasa. A yau an ƙara masa wani nauyin, watau wayoyin hannu na baƙin da suka zo daga nesa.

Illolin janareta sanannu ne: ƙara, da hayaƙi, da mutuwa a tsakiyar sha'ani. Abin da ya mayar da shi matsalar aljihu shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kafin wannan rana lita ɗaya ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Akwai abin lura a nan. Ruwan da ke sauka a tuddan kudancin jihar shi ke bi ta Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga baya gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 a jikin madatsar, da niyyar ba da wuta ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Haka nan tashar hasken rana ta Kumbotso mai megawat 10, wadda aka buɗe a Janairun 2023, da ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, wadda aka buɗe a 2019, duk a birni da kewayensa suke. Ayyuka ne masu amfani, sai dai ba su ne za su haskaka filin dambe a ƙauye ba. Mai biki a Tagwaye ko Dariya dole ya nemi tasa dabarar.

Lissafin wutar dare ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar faranti nawa za a saya. Tambayar farko ita ce me za a kunna, kuma awa nawa. Bari mu ƙaddara wani taro matsakaici wanda za a fara bayan Magariba a tashi wajen ƙarfe goma sha biyun dare, awa 6 ke nan. A ce za a rataya ƙwan fitila 20 irin na zamani marasa cin wuta, kowanne wat 20, jimla wat 400. A ce lasifika da injinta suna cin wat 500. Idan aka haɗa, wat 900 ne, a ninka sau 6, ya ba da 5,400 a ma'aunin wat na awa. A ƙara cajin waya 100, kowace wajen 10, ya zama 6,400. Wannan adadi misali ne kawai, kowane kwamiti sai ya zauna ya yi nasa.

To, ba duk abin da faranti ya tara ke isa ga fitila ba. Wani kaso yana salwanta a cikin waya, wani a batir, wani kuma a inbata, watau na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Saboda haka akan ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, sai buƙatarmu ta koma 8,000. A wannan yanki namu, in an tattara hasken yini guda, yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Mu ɗauki 5 don kada mu yaudari kanmu. Idan aka raba 8,000 gida 5, za a sami wat 1,600, watau faranti 4 masu wat 400.

Amma faranti huɗu ba za su wadatar ba, saboda dalilai biyu da suka shafi yanayinmu. Na farko hazo. Lokacin da manomi ke da sukuni da kuɗin biki shi ne daga kaka zuwa hunturu, kuma a daidai lokacin ne iskar arewa ke kawo ƙura. Ƙurar tana yin ɓarna sau biyu: tana tare hasken tun yana sama, sa'an nan ta kwanta a kan gilashin farantin. Ta biyun tana da magani, tsumma mai laushi da ɗan ruwa kowace safiya kafin gilashi ya ɗauki zafi. Ta farkon kuwa sai dai a ƙara faranti. Dalili na biyu zafi ne, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi mamaki idan an gaya musu. Faranti haske yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yakan rage wajen kashi 0.4 cikin ɗari. A tsakiyar bazara jikin faranti yakan wuce digiri 60, ka ga an yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari. Don haka ba a shimfiɗa shi a ƙasa ko a manna shi da kwanon rufi, sai a ɗaga shi iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15. Da waɗannan dalilai, faranti 5 ko 6 ya kamata a tanada.

Batir shi ne inda gizo ke saƙar. Babban batir na dalma da aka saba gani a kasuwa, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ɗaukar 2,400. Sai dai in ana son ya yi ƙarko, ba a shan fiye da rabinsa, watau 1,200. Taronmu zai buƙaci irinsa 6, kowanne kuma nauyinsa ya kai kilo 60, jimla kilo 360, fiye da buhun masara uku da rabi. Da za a yi cajin wayoyin da rana kai tsaye, a hana shi da dare, da an rage batir ɗaya. Batirin litiyam ya fi sauƙin ɗauka, ana iya shan kusan duk abin da ke cikinsa, ya kuma fi daɗewa, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa. Haka nan ya kamata a sa mutum guda ya tsare soket. Dutsen guga ɗaya ko abin dafa ruwa ɗaya yana cin wat 1,000 ko fiye, watau ya fi fitilun filin da lasifikar gaba ɗaya. Mai shayi ɗaya da ya jona kayansa a ɓoye ya isa ya jefa taro cikin duhu kafin ƙarfe tara.

Ina kayan za su kwana bayan biki?

Yanzu sai mu kwatanta. Ƙaramin janareta da zai ɗauki wannan nauyi yana shan wajen lita ɗaya a awa. Dare uku lita 18 ke nan, a farashin naira 1,000 kuwa naira 18,000, ban da kuɗin haya da baƙin mai. Kayan hasken ranar da muka lissafa a sama kuɗinsu ya haura naira miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa kwamitin biki su tara gudummawar manoma su sayi kayan sola domin taron kwana uku a shekara, bai ba su shawarar kirki ba. Daɗin daɗawa, batirin dalma da aka kulle a ɗaki wata da watanni ba caji lalacewa yake yi, sai biki ya zagayo a tarar da gawa.

A nan ne labarin wani biki na Amurka yake da amfani gare mu. Ana kiransa Burning Man, an fara shi a bakin teku a San Faransisko a 1986, aka mayar da shi hamadar Black Rock ta Jihar Nebada a 1990. Mutane wajen dubu saba'in sukan taru a can na mako guda a ƙarshen Agusta, su kafa gari na wucin gadi, su nuna ayyukan fasaha, sa'an nan su kwashe kome su tafi. Al'adunsu ba namu ba ne, ba kuma su ne abin dubawarmu ba. Abin dubawa shi ne a 2007 sun kafa farantan hasken rana a wurin bikin, kuma daga wannan aiki aka sami wata ƙungiya mai suna Black Rock Solar, wadda ta shiga sa faranti a makarantar garin Gerlach da ke kusa da filin, da wani asibiti a garin Lovelock, da wasu wurare na jama'a. Watau ko waɗanda suka fi mu kuɗi sun gane cewa faranti ba ya biyan kuɗinsa sai yana aiki kullum.

A ganina tsarin da ya dace da Doguwa shi ne a juya al'amarin. Kayan su zama na makaranta ko na masallacin Juma'a ko na ƙungiyar ci gaban gari, suna aiki duk shekara wajen karatun dare da cajin waya da jawo ruwa, biki kuwa ya zo a matsayin ɗan haya, ya biya abin da dā zai kashe a man fetur, kuɗin su shiga asusun sayen sabon batir. Wani zai ce kayan aro ba ya rufe katara. Amma ai janaretan ma haya ake yi, kuma bambancin shi ne wannan kuɗin haya a cikin gari zai tsaya. Ya fi kyau kuma kada a riƙa cire farantan, domin a wajen lodi da saukewa suke tsagewa. A bar su inda aka kafa su, a ɗauki batura da inbata kawai a amalanke ko a-kori-kura da yamma, a mayar da safe. In kuma taron irin wanda ya dace da harabar makaranta ne, kamar musabaƙa ko wasan kwaikwayo na ɗalibai ko nunin amfanin gona, sai a ja waya kurum, musamman da yake hutun Disamba ya faɗo cikin lokacin bukukuwa. Wuri guda ne ban yarda a taɓa ba, shi ne ɗakin shan magani. Firjin da ke ajiye allurar rigakafi ba a kashe shi don kalangu, ko na dare ɗaya.

Wannan tsari ba zai tsaya ba sai da mutum. Kowa ya bi ƙauyukanmu ya ga fitilun titi da rijiyoyin burtsatse masu sola da suka mutu, sau da yawa saboda ƙaramin abu kamar wayar da ta kwance ko batirin da ba a canja ba. Ilimin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Farfesa Abdu Mumuni Dioffo ya shugabanci hukumar nazarin hasken rana ta Nijar tun daga 1969, kuma sunansa Jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. An kafa Cibiyar Nazarin Makamashi ta Sakkwato a 1982. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matsakaicin ma'aikaci, wanda yake zaune a ƙauye, ya iya auna batir, ya san kaurin wayar da ta dace, ya kuma iya gane farantin da aka liƙa wa takardar wat 400 alhali bai kai 250 ba. Kwalejojin ilimi su suka fi kowa damar samar da shi, domin malamin kimiyya ko na koyar da sana'a da muka yaye shi ake turawa makarantar da za a kafa kayan. Lissafin da muka yi a sama bai fi ƙarfin darasi biyu ba, sauran kuwa aikin hannu ne a ɗakin gwaji.

Akwai kuma maganar tsohon batir, wadda ya kamata ta shiga wannan darasi. Batirin dalma yakan ƙare cikin 'yan shekaru, kuma abin da ke cikinsa guba ne. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400, ya nuna abin da wannan ƙarfe ke yi wa jikin yaro. Kada a bar mataccen batir a bayan aji, kada kuma a yarda a fasa shi a cikin gari. Tun ranar ciniki ya kamata kwamiti ya rubuta a takardar sayen cewa dillali zai karɓi tsohon a rage kuɗinsa daga farashin sabon.