Yadda ake gane kuɗin tsohon keke mai giya kafin a kai shi kasuwar Dogon Dutsi

A gidaje da dama na ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Tibiri, akwai keke mai giya da wani ɗan uwa ya aiko daga Turai, aka ɗan hau shi aka jingine. Ranar da buƙatar kuɗi ta taso, sai a tura shi kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi. Dillali ya yi tayi, mai kaya ya rasa ko ya ce albarka ko ya sallama, domin bai san abin da ke hannunsa ba.

Abin lura shi ne keke ɗaya yana da farashi biyu. A Faransa ko Amurka, masu tara tsofaffin kaya suna biyan kuɗi ne don suna da shekaru. A Arewa kuwa, mai saye yana tambayar ko zai ratsa yashin Dallol Mauri ɗauke da buhun gero, kuma ko mai gyara zai samu kayansa.

Suna da shekaru

An fara ƙera wannan nau'in keken ne a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka yi da yawa don kasuwa. Kekunan shekarun 1980 da 1990 na kamfanoni irin su Specialized da Trek da Kona su ne masu tarawa ke nema, musamman idan fenti da kayan asali na nan yadda suke.

Don haka kafin komai, a kifa keken a duba lambar da aka buga a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. A duba sunan da ke jikin giya: idan an ga Shimano Deore XT, kaya ne na sahun gaba. Ɗan uwa da ke waje zai iya bincika eBay ko Leboncoin, amma abin dogaro shi ne kuɗin da aka sayar da irinsa, domin kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama.

Abin da mai saye a gida ke dubawa

Na farko shi ne jikin keken. A kara masa maganaɗisu: idan ya kama, ƙarfe ne, kuma kowane mai walda a gari zai iya gyara shi in ya tsage. Idan bai kama ba, galibi alminiyon ne, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma gyaransa ke da wuya. Tsagewa a mahaɗa ko lanƙwasa a gaba na zubar da farashi fiye da kowane aibi.

Na biyu sarƙa. A sabuwar sarƙa, gaɓoɓi 12 cikakku suna da tsawon santimita 30.5. Idan sun ƙaru da kusan milimita 3, sarƙar ta ci, kuma yawanci haƙoran giyar baya sun ci tare da ita.

Na uku tayoyi. Keken da ya shekara goma a ɗaki yana iya zama kamar sabo, amma zafi ya riga ya busar da robarsa. Abin da ke taimakon tsofaffin kekunan shi ne ƙafarsu mai inci 26, wadda tayarta ta fi sauƙin samu fiye da ta sababbi masu inci 29.

Lissafin

A zaga wurin masu sayar da kekuna a tambayi kuɗin makamancinsa mai lafiya, sannan a kai wa mai gyara ya ƙiyasta abin da za a kashe. A matsayin misali, idan makamancinsa jikka 50 ne na sefa, taya biyu da sarƙa da birki za su ci jikka 12, to tayin da ya kusa jikka 38 ba zalunci ba ne, kafin a cire la'adar dillali.

Farashin bara ma ba abin dogaro ba ne. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, rufe iyakar Nijar da Benin a Gaya ya dagula shigo da kayan gwanjo daga tashar Kwatano. Mai niyyar sayarwa a ƙetaren iyaka, a jihar Kebbi, sai ya duba canjin naira da sefa na ranar. Lokaci ma na da tasiri: bayan girbi manoma sun fi samun kuɗi a hannu fiye da tsakiyar damina.

Idan bincike ya nuna keken na cikin waɗanda masu tarawa ke nema, kada a sake masa fenti ko a cire tambarinsa, domin hakan na kashe darajarsa. Idan kuma na yau da kullum ne, a wanke shi, a shafa wa sarƙa mai, a sayar a gaban shaidu tare da takarda mai ɗauke da lambar keken, don kauce wa zargin kayan sata.